Makaho Na Da Sarki, Maraya Na Da Mariƙi, Mai Farfaɗiya Fa?



Duk wanda ya zauna a Sabo ta Ibadan, ko Agege, ko Ama Hausa ta Owerri, ya san yadda abin yake tafiya. Kana zaune a shago za a zo a ce maka wane ya rasu ya bar 'ya'ya biyar, a taimaka da abin da ya sawwaƙa. Makaho zai sauka daga mota da ɗan jagoransa ba su san kowa ba, kafin magariba an kai su wurin Sarkin Makafi sun sami wurin kwana. Mun saba ganin haka har muna ɗauka kamar abin da kansa yake gudana. Alhali tsari ne da kakanninmu suka gina, yana da tarihinsa, yana da inda ya yi ƙarfi, yana kuma da waɗanda ya bari a baya. Yau muna so mu bi wannan tarihi, domin akwai wasu marasa lafiya da tsarin bai ba su mazauni ba, kuma har gobe suna nan cikin gidajenmu a ɓoye.

Unguwar makafi a Kano, 1824

A watan Janairu na 1824 wani Bature ɗan ƙasar Sikotilan mai suna Hugh Clapperton, wanda a tafiyarsa yake amsa sunan Abdullahi, ya shiga birnin Kano. Zamanin Sarki Ibrahim Dabo ne. Cikin abubuwan da ya rubuta har da wata unguwa da aka keɓe wa makafi a cikin ganuwa. Ya ce unguwar tsaf take, ɗakunanta masu kyawun gini, makafin suna da wani kaso da suke samu daga fada, sannan suna fita bara kasuwa. Ya ce ba a barin mai ido ya zauna cikinta sai bayin da ke musu hidima, mai ido ɗaya ma da ƙyar ake karɓarsa. An kuma gaya masa cewa guragu suna da irin wannan mazauni nasu.

Wato shekara ɗari biyu da suka wuce makaho a Kano yana da unguwa, yana da rabo a dukiyar gari, yana da shugaba daga cikin 'yan uwansa. Sarkin Makafi, Sarkin Guragu, Sarkin Kutare da Sarkin Bebaye sarautu ne na gaske masu rawani. Su ne ke karɓar baƙo, su raba rigima, su tsaya a ɗaurin aure da suna, su raba abin da aka samu, su kai kuka fada idan an zalunci ɗaya daga cikinsu. Bara kuma ba ita kaɗai ce abin dogaro ba. An san makafi da tukar igiya, an san da yawa daga cikinsu da haddar karatu da waƙoƙin wa'azi. Kurame suna da maganar hannu tasu da suka gada tun kafin a buɗe makarantar kurame ko ɗaya a Arewa. Kuturu ma, wanda a wasu ƙasashe ake kora daji, a ƙasar Hausa yakan zauna cikin mutane, ya shiga kasuwa, ya yi aure.

Maraya a karkara

A ƙauye lamarin ya fi rataya a wuyan dangi. Gidan gandu, inda uba da 'ya'yansa da ƙannensa suke noma gona ɗaya su ci daga rumbu ɗaya, shi ne babban asusun maraya. Idan magidanci ya rasu, 'ya'yansa ba su fita daga rumbun ba. Matar takan yi takaba wata huɗu da kwana goma, bayan nan ko ta koma gidansu ko wani daga dangin mijin ya aure ta domin yaran su tashi a gidan ubansu. Gadon yaran yana hannun waliyyi har su balaga, alƙali kuma yana da ikon tuhumarsa in ya ci amana. Lokacin girbi akwai zakkar hatsi, dami ɗaya cikin goma ga gonar da ruwan sama ya shayar. Idan gonar gwauruwa ko ta mara lafiya ta sha ciyawa, samari su yi mata gayya.

Sai kuma riƙo. Bahaushe ya ce ɗa na kowa ne, kuma a da maganar ba ta tsaya a baki ba. Baba ta Karo, tsohuwar nan da ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a Giwa ta ƙasar Zazzau a 1949 zuwa 1950, aka buga shi a 1954, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta raini 'ya'yan dangi har ta aurar da su. A labarinta yara suna yawo tsakanin gwaggo da kaka da ƙanin uba a matsayin abin da kowa ya saba. Saboda yaro mai iyaye ma akan ba da shi riƙo, maraya ba ya fita daban a cikin tsara. Shi ya sa garuruwanmu suka daɗe ba su buƙaci gidan marayu ba.

Kada dai mu yi wa tarihi kwalliyar da ba tasa ba. Tatsuniyoyin da kakanninmu mata suka ba mu cike suke da marainiya a hannun kishiyar uwa, ana aikenta rafi da dare, ana ba ta ƙanzo. Da ba a ga irin wannan riƙon sakainar kashi ba da ba a yi tatsuniyarsa ba. Sannan tsarin dangi yana aiki ne muddin akwai hatsi a rumbu. A yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ake kira Kakalaba, da farin 1973 zuwa 1974, gidaje sun watse, kuma marasa ƙarfi su ne farkon waɗanda abin ya ci.

Abin da zuwan Turawa ya canza

Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, sannu a hankali aka haɗe zakka cikin haraji, sunan Baitulmali kuma ya koma kan taskar En'e da ke biyan albashin ma'aikata. Abin da a da yake haƙƙin miskini a dukiyar gari sai ya koma sadakar ganin dama. Wannan na cikin dalilan da suka sa bara ta ƙara zama babbar hanyar cin abincin naƙasassu.

A ɗaya ɓangaren, zamanin ya zo da magani. An buɗe mazaunin kutare a Itu a 1928, Garkida a 1929, Uzuakoli a 1932. A ƙasar Hausa 'yan mishan suka riƙe asibitocin kutare na Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato. A Uzuakoli ne likitoci suka tabbatar, a ƙarshen shekarun 1940, cewa ƙwayar dafson mai araha tana maganin kuturta. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna, kuma tun 1995 ana ba da su kyauta. Asibitin ido na Kano ya fara aiki a 1943, makarantar makafi ta Gindiri a 1953. Shan-inna, wadda ta gurgunta dubban yaranmu, an ga mai ɗauke da ita ta daji na ƙarshe a Najeriya a jihar Borno a 2016, aka kuma ayyana Afirka ta rabu da ita ranar 25 ga Agusta 2020.

Darasin a fili yake. Cututtukan da muka ɗauka ƙaddara ce da ba ta da makawa, har muka naɗa wa masu su sarakuna, da yawa ashe suna da magani ko rigakafi.

Sarautar ta biyo mu Kurmi

Da fataucin goro da shanu ya kawo iyayenmu Kudu, ba su bar wannan tsari a gida ba. An kafa Sabo ta Ibadan a 1916. Wani masanin zamantakewa mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar a 1962 zuwa 1963, ya fitar da littafinsa a 1969. Ya tarar da makafi da guragu da kutare kowane rukuni da sarkinsa a ƙarƙashin Sarkin Sabo, ana saukar da baƙinsu, ana tsara musu wuraren da za su nemi sadaka, masu gidajen fatake kuma suna ciyar da su. Abin da ya fahimta shi ne tsarin ya zama wa Bahaushen Kurmi madogara. Wanda ya baro gida ya yi tafiyar kwana da kwanaki neman arziki ya san in ido ya tafi ko ƙafa ta karye ba zai mutu a bakin titi ba.

Har yau abin yana nan. Wanda ya shiga Oko-Baba a Ebute Metta ta Ikko zai tarar da waɗannan sarautu. Sai dai zamani ya juya. Jihohi da dama, na Kudu da na Arewa, sun hana bara a titi, ana kamawa ana kwashewa. Yaron da ke jan makaho tun safe har yamma ba ya zuwa makaranta, shi ma gobe ba shi da sana'a. A Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar da ta haramta nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, amma gurbin aiki ba ya amfanar wanda ba a sa shi makaranta ba. A Kano mun ga waɗanda shan-inna ta taɓa sun haɗa kai suna walda, suna ƙera kekunan guragu suna sayarwa. Wannan ya fi kama da tukar igiyar kakanninsu fiye da zaman bakin danja.

Wanda aka bari a ɗaki

A duk jerin sarautun nan babu Sarkin Masu Farfaɗiya. Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Makanta da gurguntaka ba sa ɓoyuwa, dole gari ya san yadda zai yi da mai su. Farfaɗiya kuwa zuwa take ta tafi. Mutum lafiyarsa ƙalau, yana noma yana ciniki, sai rana ɗaya ya yanke jiki ya faɗi. Abin da ake iya ɓoyewa sai aka ɓoye shi. Aka ce bugun iska ne, aka ce asiri ne, aka ce wanda yawunsa ya taɓa ya ɗauka. Sai a ware masa kwano, a cire yaro daga makaranta, a hana yarinya zuwa biki don kada a ce gidan wane akwai abin nan, ƙannenta su rasa miji. Maƙwabtanmu ma haka suke fama: Yarbawa suna ce mata warapa, kuma tsoron da suke mata bai gaza namu ba.

Ga abin da likitoci suka tabbatar. Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ne, wutar da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika saƙo da ita ce take rikicewa na ɗan lokaci. Ba hauka ba ce, kuma ba a ɗaukarta ta yawu ko numfashi ko cin abinci tare. Cikin abubuwan da ke jawo ta akwai doguwar naƙuda da ta wahalar da jariri, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, sanƙarau irin wanda ya yi mana ɓarna a 1996, da buguwar kai, wadda 'yan acaɓanmu marasa hular kwano suke fuskanta kullum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ita kusan miliyan 50 a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Ta ce har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa in sun sami magani yadda ya kamata, amma a ƙasashe matalauta kusan uku cikin huɗu ba sa samu. Ƙwayar fenobabital kuwa tun 1912 ake amfani da ita kan wannan ciwo, tana kuma cikin magunguna mafi araha.

Abin da ya faru a Mahenge

Akwai wani ƙauyen Afirka da ya kamata mu san labarinsa. Mahenge gari ne a kan duwatsu a kudancin Tanzaniya, ƙasar ƙabilar Wapogoro. A 1959 wata matashiyar likita 'yar ƙasar Norwe, Louise Aall, wadda daga baya aka fi sani da Jilek-Aall, ta je aiki yankin. Ta lura da yawan masu zuwa da munanan ƙuna a hannu da fuska. Da ta bincika sai ta gano cikin murhu suke faɗawa idan ciwon ya tashi, kuma ba mai janye su, saboda kowa na tsoron taɓa mai kifafa, kamar yadda ake kiran ciwon da Swahili. Ta tarar da su a ware, cikin tsumma da yunwa, suna cin abinci su kaɗai.

A 1960 ta buɗe ɗakin shan magani na masu farfaɗiya. Ba ta da na'urori. Abin da take da shi ƙwayoyi ne masu araha, da ma'aikatan jinya 'yan gari, da littafin rubuta sunaye. Ana so mara lafiya ya zo da ɗan uwansa, a yi wa dangin bayani, a ga ana taɓa shi ana zama da shi ba abin da ya sami kowa. Da mutane suka ga wanda ke faɗuwa kullum ya yi watanni bai faɗi ba, ya koma gona, sai iyalai suka fara fito da nasu da suka ɓoye.

A 1992 aka buga sakamakon bibiyar marasa lafiya 164 na wannan wuri bayan shekara 30. Fiye da rabinsu sun daina faɗuwa gaba ɗaya lokacin da suke shan magani, wasu da yawa kuma abin ya ragu. Amma labarin yana da ɓangare mai ɗaci. Bayan wasu shekaru maganin ya riƙa yankewa, kuma da yawa daga cikinsu sun rasu ta dalilin ciwon: wasu sun nutse a ruwa, wasu wuta ta ci su, wasu faɗuwar ta zo ta ƙi tsayawa. Daga baya bincike ya nuna alaƙa tsakanin yawan farfaɗiya a irin waɗannan yankuna da tsutsar da baƙin ƙudan rafi ke yaɗawa, wadda ke kawo makanta.

Abu biyu muka ɗauka daga Mahenge. Tsoro yana gushewa idan mutane sun ga sauƙi da idonsu. Sannan fara magani a bari ya fi haɗari, domin yanke shi kwatsam yana iya tayar da ciwon fiye da da. Aikin da ya rataya a kan mutum ɗaya ko kan taimakon waje, ranar da mutumin ya tafi sai ya tsaya.

A nan gida ma an gwada jingina jinya da jama'a. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara sauke masu taɓin hankali a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, kowane da ɗan uwansa mai kula da shi, suna zuwa asibiti da rana su kwana cikin mutane. Ciwon daban ne da farfaɗiya, amma hikimar ɗaya ce: mara lafiya ya fi samun sauƙi a cikin jama'a fiye da a bayan ƙofa. A 1997 aka ƙaddamar da gangamin duniya na fito da farfaɗiya fili, a 2000 kuma aka yi taron Dakar inda aka fitar da sanarwar Afirka a kanta. Sanarwa dai ba ta shiga lungu sai wani ya ɗauke ta ya kai.

Abin da ya rage gare mu

Mu da ke Kurmi ba mu da gandu, ba mu da rumbu. Ɗakin haya ne, ƙanin uba yana can nesa. Idan direba ko mahauci ko mai gadi ya rasu a nan, yaransa sukan koma ƙauye wurin kakar da ita ma jiran aike take, ko su watsu a tasha. Karo-karon ranar sadakar uku yana da kyau, amma maraya yana cin abinci a kwana na arba'in da ɗaya ma. Abin da gandu yake yi a da, yanzu sai dai ƙungiya da masallacin unguwa da fadar Sarkin Hausawa su yi shi.

Ba abu ne da ya fi ƙarfinmu ba. Kowace unguwa tana iya riƙe littafi na marayunta: suna, shekaru, wanda ke riƙo, makarantar da yaro yake. A sami dattawa biyu da mata biyu masu leƙawa su ga yadda ake riƙon, su kuma tabbatar an rubuta gadon yara a gaban shaidu. Sarakunan makafi da guragu da kutare a riƙa kiransu zaman shawara, domin sun fi kowa sanin mutanensu, a fara da maganar yaran da ke jagora: wa zai biya musu makaranta, wa zai karɓe su koyon sana'a. A ware wani abu daga kuɗin wata-wata don maganin masu farfaɗiya, a damƙa wa mai riƙon amana da sirri, kuma kada a ɗauki nauyin mutum sai an tabbatar za a iya ɗorewa. Likita ne zai zaɓi magani da adadinsa, musamman ga mace mai ciki ko mai shirin ɗauka. Wanda ke addu'a ya ci gaba da addu'arsa, sai dai kada a ce a ajiye ƙwaya saboda ita.

Akwai kuma abin da kowa zai iya ba tare da ko sisi ba. Idan mutum ya faɗi a gabanka, ka janye shi daga wuta, ruwa ko titi. Ka sa masa wani abu mai laushi a ƙarƙashin kai, ka sassauta masa wuyan riga. Kada ka danne shi, kada ka cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo, kada a kanga ƙafarsa a wuta. Da jijjigar ta lafa ka kwantar da shi ta gefe, ka zauna da shi har ya dawo hayyacinsa, ka kori 'yan kallo. Idan ta wuce minti biyar, ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, ko ya ji rauni, a garzaya asibiti.

An ce mai ido ɗaya ba ya gode Allah sai ya ga makaho. Kakanninmu da suka ga makaho ba su tsaya a godiya ba, sun ba shi unguwa da rawani. Ba su san maganin farfaɗiya ba, don haka suna da uzuri. Mu mun sani, kuma kuɗin maganin wata guda na ƙwaya mai araha bai kai abin da wasunmu ke kashewa a katin waya ba. Idan akwai mai wannan lalura a gidanku ko a layinku, a daure a kai shi asibiti, a kuma sanar da shugabannin unguwa cikin sirri domin a san yadda za a tallafa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya raya marayunmu, Ya ba masu riƙonsu ikon riƙe amana.